HAKKIN MA'AIKACI RANAR DA AIKI YA KUƁUCE: YADDA JIHOHIN AMURKA SUKE BIYAN KUƊIN RASHIN AIKI

Ga cikakken jawabin da aka gabatar a gaban wani taron ma'aikata, game da kuɗin da jihohin Amurka suke biyan mutumin da ya rasa aikinsa, da sharuɗɗan samunsu, da kuma hanyar nemansu.



Babu ranar da ta kai nauyi ga mai cin albashi kamar ranar da aka kira shi ofis aka miƙa masa takardar sallama. Daga wannan rana albashi ya yanke, amma mai gidan haya bai fasa zuwa ba, makarantar yara ba ta fasa aiko da takarda ba, tukunya kuma ba ta san an rufe masana'anta ba. Abin da za a yi magana a kansa yau shi ne tanadin da ƙasar Amurka ta yi domin irin wannan rana, watau kuɗin da gwamnatin jiha take biyan ma'aikaci mako-mako bayan ya rasa aikinsa, har ya sami wani ko kuwa wa'adin da doka ta ba shi ya cika. Sunan da suka ba wannan tsari shi ne inshorar rashin aiki.

Maganar da ya kamata a riƙe tun daga farko ita ce, waɗannan kuɗi ba sadaka ba ne, ba kuma alfarma ba ce. Hakki ne wanda gumin ma'aikaci ya haifar. Amma fa hakki ne wanda ba ya bin mutum har gida. Sai an tashi an neme shi, a kan kari, da takardu, da kuma gaskiya. A 'yan shekarun nan, in an ɗebe lokacin annobar korona, waɗanda suke karɓar kuɗin ba sa kai kashi ɗaya bisa uku na marasa aikin yi a ƙasar. Waɗansu doka ce ta fid da su, waɗansu wa'adinsu ne ya ƙare, amma da yawa ba su ma nema ba, ko don kunya, ko don jinkiri, ko don rashin sani, wanda aka ce ya fi dare duhu.

Kada a ce maganar ta nesa ce. Akwai Hausawan Nijeriya da na Nijar da na zangunan Gana da suke zaune a biranen Amurka, musamman unguwar Buronks ta birnin Niyu Yok, suna aiki a asibitoci da kantuna da ɗakunan ajiyar kaya, waɗansu kuma suna tuƙi. Duk ranar da ɗayansu ya rasa aiki, ba gidansa na can kaɗai ne yake jin jiki ba, har da gidan da yake yi wa aike a ƙarshen wata.

ASALIN WANNAN TSARI

Ba Amurka ce ta fara ba. Ingila ta riga ta, domin tun cikin 1911 Majalisar Dokokin Ingila ta kafa dokar da ta tilasta wa ma'aikatan waɗansu sana'o'i, kamar magina da maƙeran jiragen ruwa, su riƙa zuba ɗan wani abu tare da iyayen gidansu da gwamnati, wanda ya rasa aiki kuma a riƙa ba shi sule 7 a mako har tsawon mako 15. Amurka kuwa ta yi ta jan ƙafa, saboda a lokacin akasarin masu mulki da masu dukiya suna ganin rashin aiki laifin mutum ne, ba laifin zamani ba.

Abin da ya sauya wannan ra'ayi shi ne karyewar tattalin arziki wadda ta faro cikin 1929. A 1933 ɗaya daga cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da abin yi, watau wajen mutum miliyan 13. Bankuna suka rufe, masana'antu suka tsaya, magidanta masu mutunci suka shiga layin karɓar miya da burodi. Nan ne kowa ya gane cewa mutum yana iya zama mai ƙwazo, mai riƙon amana, amma duk da haka a wayi gari ba shi da wurin zuwa.

Jihar Wiskonsin ce ta fara yin doka cikin Janairun 1932, bisa ga koyarwar wani malamin jami'a masanin tattalin arziki mai suna John R. Commons da almajiransa. Sauran jihohi suka yi shiru, kowace tana tsoron kada ta ɗora wa masana'antunta haraji su tattara su koma maƙwabciyarta. Gwamnatin Tarayya ce ta warware wannan ƙulli. Ran 14 ga watan Agusta, 1935, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan babbar dokar kula da jin daɗin jama'a, wadda wani kwamiti a ƙarƙashin Ministar Ƙwadago Frances Perkins ya tsara. Dabarar da aka yi ita ce, aka aza haraji a kan masu ɗaukar ma'aikata a duk faɗin ƙasar, sa'an nan aka ce za a yafe musu kashi 90 daga cikin ɗari muddin jiharsu ta kafa nata tsarin suna biya a can. Jihar da ta ƙi ba ta tsirar da kowa daga haraji ba, sai dai ta yi asarar kuɗin. Kafin 1937 ta ƙare kowace jiha ta yi dokarta, kuma a wannan shekara Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin tsarin, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu.

Wannan tarihi shi ya sa har yau babu doka guda ɗaya da ta game ƙasar. Akwai tsari 53: na jihohi 50, da na babban birnin tarayya Washinton, da na yankuna biyu na tsibirai. Gwamnatin Tarayya ta shata iyaka, amma kowace jiha ita take yanke nawa za ta biya, da tsawon lokacin biya, da wanda ya cancanta. Ma'aikaci biyu masu albashi ɗaya, waɗanda aka sallama rana ɗaya, ɗaya yana iya samun ninkin abin da ɗayan ya samu, don kawai kogi ko hanya ta raba jihohinsu.

WA YAKE ZUBA KUƊIN?

Ubangida ne yake zubawa, ba ma'aikaci ba. A jihohi uku kaɗai, watau Alaska da Niyu Jasi da Fensilbaniya, ake yankar ɗan wani abu daga albashin ma'aikaci. Harajin iri biyu ne. Na tarayya kashi 6 ne daga cikin ɗari a kan dala 7,000 na farko na albashin kowane ma'aikaci a shekara, amma bayan rangwame yakan dawo dala 42 kacal, kuma da shi ake tafiyar da ofisoshi da ba jihohi rance in asusunsu ya ƙafe. Na jiha kuwa shi ne ainihin abin da ake biyan marasa aiki da shi, ana ajiye shi a baitulmalin tarayya da sunan jihar, ba a kuma taɓa shi domin wata hidima dabam.

Saboda haka kada a haɗa shi da fansho ko garatuti. A Nijeriya, alal misali, Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire kashi 25 daga cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa. Amma wannan ɗiba ce daga rumbun tsufansa. Kuɗin rashin aiki na Amurka rumbu ne dabam, wanda aka cika musamman domin wannan rana.

Akwai wani abu a cikin harajin jiha da ya wajaba ma'aikaci ya sani. Ba duk kamfanoni ne suke biyan kashi ɗaya ba. Kamfanin da yake yawan sallamar mutane suna zuwa karɓar kuɗi, harajinsa yana hawa. Wanda yake riƙe ma'aikatansa, nasa yana sauka. An yi haka ne don a hana kora barkatai, amma ya haifar da wani abu: ubangida yana da riba in aka hana tsohon ma'aikacinsa. Don haka kada mai nema ya yi mamaki in ya ji kamfanin da ya yi wa bauta shekara da shekaru ya rubuto wa hukuma yana musun maganarsa.

SHARAƊI NA FARKO: AN YI AIKI, AN SAMI ALBASHI

Abu na farko da hukuma za ta duba shi ne albashin da mutum ya samu a cikin abin da za a iya kira shekarar lissafi. Ana raba shekara gida huɗu, kowane rubu'i wata uku. A yawancin jihohi, sai a ƙidaya rubu'i biyar na baya waɗanda suka cika, a ajiye na ƙarshe, a yi aiki da huɗun farko. Misali, wanda ya shigar da buƙatarsa cikin watan Mayu, albashinsa na Janairu zuwa Disamban bara za a duba. Na watannin bana ba ya shiga. Wannan yakan cuci sabon ma'aikaci, shi ya sa jihohi da dama suka buɗe wata ƙofa ta biyu, ta yin lissafi da rubu'i huɗu mafi kusa. Wanda aka ce albashinsa bai kai ba, sai ya tambaya ko jiharsa tana da wannan ƙofa.

Kowace jiha tana da mafi ƙarancin abin da take so a gani. Fulorida, alal misali, tana neman dala 3,400 a shekarar lissafi. Jihohi da yawa kuma suna so jimlar albashin shekarar ta kai ninki ɗaya da rabi na rubu'in da ya fi tsoka, don a tabbatar mutum ma'aikaci ne na sosai, ba wanda ya yi wata biyu ya ɓace ba.

A nan ne mai aikin kuɗi-hannu yake shiga uku. In ubangida bai kai rahoton albashi ga hukuma ba, babu abin da za a gani a littafi. Haka kuma mai sana'ar kansa da ɗan kwangila, doka ba ta lissafa su. Sai dai ba sunan da kamfani ya laƙa wa mutum ne yake yanke hukunci ba. Hukuma tana duba wa yake ba da umarni, wa yake yanke farashi, wa yake da ikon kora. A 2018 hukumar ɗaukaka ƙara ta Jihar Niyu Yok ta yanke cewa waɗansu direbobin Uber ma'aikata ne a idon wannan doka, ko da yake kamfanin yana kiransu 'yan kwangila. Darasin shi ne, wanda yake shakka ya shigar da buƙata tare da duk shaidar da ke hannunsa, ya bar hukuma ta yanke, kada ya yanke wa kansa.

SHARAƊI NA BIYU: ME YA RABA SHI DA AIKIN?

Ƙa'idar ita ce, ya kasance ba laifinsa ne ya raba shi da aikin ba. Wanda aka sallama don an rage ma'aikata, ko an rufe reshe, ko kasuwa ta faɗi, maganarsa a fili take. Rigima tana tasowa ne a wuri biyu: wanda aka kora, da wanda ya ajiye aiki da kansa.

Mutane da yawa suna zaton duk wanda aka kora ya yi asara. Ba haka ba ne. Tun 1941 Babbar Kotun Jihar Wiskonsin ta bambanta tsakanin laifin ganganci da gazawa, kuma jihohi masu yawa suka bi wannan fassara. Laifin da yake hana kuɗi shi ne wanda aka yi da saninsa, cikin raina hakkin ubangida: sata, ko faɗa a wurin aiki, ko zuwa a buge, ko yawan fashi ba uzuri bayan an yi gargaɗi. Amma wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa aikin ya fi ƙarfinsa, ko ya yi kuskure na ɗan Adam, wannan a bisa al'ada ba a hana shi. Bugu da ƙari, nauyin kawo hujja a nan yana wuyan ubangida ne, ba ma'aikaci ba.

Wanda ya ajiye aiki da kansa kuwa, nauyin yana wuyansa. Sai ya nuna dalili mai ƙarfi, kamar an daina biyansa, ko an zaftare albashinsa ƙwarai, ko wurin aikin yana da haɗari ga ransa, ko ana cin zarafinsa ya kai ƙara ba a yi kome ba. Hukuma za ta tambaya: kafin ya fita, ya yi ƙoƙarin a gyara? Ya rubuta koke? Saboda haka ma'aikacin da aka ce masa ya rubuta takardar murabus don a rufa masa asiri, ya yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu, domin wannan takarda tana iya zama ita ce za a karanta masa gobe. Masu yajin aiki kuma, yawancin jihohi ba sa biyansu, ko da yake Niyu Yok da Niyu Jasi suna biya bayan an yi ɗan jira.

SHARAƊI NA UKU: YANA IYA AIKI, YANA KUMA NEMA

Wannan kuɗi na mai neman aiki ne, ba na mai hutu ba. Dole kowane mako mutum ya kasance da lafiyar yin aiki, ya kasance a shirye in an kira shi, ya kuma kasance yana nema da gaske. Niyu Yok tana so a nuna ƙoƙari uku a mako, Fulorida tana so a tuntuɓi wurare biyar. Ya kamata mai nema ya ajiye littafi, ya riƙa rubuta rana, da sunan kamfani, da wanda ya gani, da amsar da aka ba shi, domin ana iya neman wannan littafi ko da yaushe. In an kira shi ofishin samar da aiki domin ganawa, rashin zuwa yana iya tsayar da biya.

Wanda aka ba aikin da ya dace da shi ya ƙi karɓa, ana iya yanke masa kuɗi. Amma dokar tarayya ta kare shi a wuri uku: ba za a tilasta masa ya maye gurbin masu yajin aiki ba, ba za a tilasta masa ya karɓi albashi ko sharuɗɗan da suka yi ƙasa ƙwarai da na irin wannan aiki a yankin ba, ba kuma za a sa masa sharaɗin ficewa daga ƙungiyar ƙwadago ba. Har wa yau, a 1963 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar wata mata, Adell Sherbert, ma'aikaciyar masaƙa a Karolina ta Kudu, wadda aka hana ta kuɗi don ta ƙi aikin ranar Asabar, ranar ibadarta. Kotu ta ce jiha ba ta da ikon sa mutum ya zaɓi tsakanin addininsa da hakkinsa.

Game da baƙo, ba sai ya zama ɗan ƙasa ba. Abin da ake bukata shi ne ya kasance yana da izinin aiki lokacin da ya sami albashin, yana kuma da shi lokacin da yake karɓar kuɗin, kuma jiha takan tabbatar da haka daga hukumar shige da fice. Akwai kuma tarkon da yake kama 'yan'uwa da yawa, watau tafiya gida. Mutum ya ga ba aiki, sai ya ce bari ya leƙa Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya gaida tsofaffi, ya bar wa aboki lambarsa ta sirri ya riƙa amsa masa. Wanda ba ya ƙasar ba a shirye yake da aiki ba, kuma jiha kamar Niyu Yok tana ɗaukar irin wannan a matsayin zamba. Wanda tafiya ta kama, ya daina nema har ya dawo, sa'an nan ya sake buɗe buƙatarsa.

YADDA AKE NEMA

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A yawancin jihohi lissafi yana farawa ne daga makon da aka shigar da buƙata, ba daga ranar da aka rasa aiki ba; wanda ya yi wata guda yana juyayi a ɗaki, da wuya a maida masa wannan wata. Ana nema ne a jihar da aka yi aikin, ko da mutum yana kwana a wata jiha, wanda kuma ya yi aiki a jihohi biyu yana iya roƙon a haɗa masa albashin. Yanzu akasari ta intanet ake yi ko ta tarho, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya shigar wa mutum da buƙata, a yi hattara da shi.

Kafin a zauna a cika takarda, sai a tanadi lambar rajistar nan mai alƙaluma tara wadda Gwamnatin Tarayya take ba kowane ma'aikaci, da katin shaida, da takardar izinin aiki ga baƙo, da sunaye da adireshin duk wuraren da aka yi aiki cikin wata 18 da suka wuce, da ranakun farawa da barin aiki, da takardun albashi, da lambar asusun banki. In akwai kuɗin sallama ko na hutu da kamfani ya biya, a faɗa, domin waɗansu jihohi suna jinkirta biya saboda su. Wurin dalilin rabuwa da aiki, a rubuta abin da ya faru a taƙaice, ba ƙari ba ragi, domin hukuma za ta tambayi ubangida nasa bayanin.

Yawancin jihohi ba sa biyan makon farko, mako ne na jira. Kuɗin farko yakan iso bayan mako biyu zuwa uku in babu gardama. Daga nan sai aikin da yake kayar da mutane da yawa: kowane mako, ko kowane mako biyu, dole a koma a amsa tambayoyi, a tabbatar cewa har yanzu ba aiki, ana kuma nema. Makon da ba a amsa ba, ba a biyansa. Wanda ya sami ɗan aikin wucin gadi ya faɗi abin da ya samu. Sau da yawa rage masa kuɗin za a yi, ba yankewa ba.

NAWA NE, HAR YAUSHE?

Manufar ita ce a maida wa mutum kamar rabin albashinsa, amma da iyakar da ba a wucewa. Jihohi da yawa suna ɗaukar albashin rubu'in da ya fi tsoka su raba shi gida 26. A ɗauka ma'aikaci yana samun dala 1,000 a mako. A rubu'i mai mako 13 ya tara dala 13,000. In an raba gida 26 sai a sami dala 500. To, a nan ne iyakar jiha take shigowa. A Misisifi ba a wuce dala 235 a mako, a Fulorida dala 275, Kalifoniya kuwa tana kan dala 450 tun 2005. Niyu Yok ta ɗaga tata daga dala 504 zuwa 869 cikin Oktoban 2025, Masachuset da Jihar Washinton kuma sun haura dala 1,000.

Wa'adin da aka saba shi ne mako 26, watau rabin shekara, amma tun daga 2011 waɗansu jihohi suka fara ragewa. A Fulorida mako 12 ne in kasuwar aiki tana da kyau. In al'amura suka dagule, akwai dokar 1970 da take ƙara mako 13 ko fiye, Majalisar Tarayya kuma takan yi ƙari na musamman. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 an kai mako 99 a waɗansu jihohi. A lokacin korona, da rashin aiki ya haura kashi 14 daga cikin ɗari cikin Afrilun 2020, an ƙara wa kowa dala 600 a mako, aka kuma shigar da masu sana'ar kansu. Waɗannan ƙare-ƙare na musamman duk sun ƙare, na ƙarshensu cikin Satumban 2021, kada kowa ya yi lissafi da su. A tuna kuma, tun 1987 ana biyan harajin tarayya a kan kuɗin baki ɗaya. Mai hangen nesa yakan roƙi a riƙa cire masa kashi 10 tun daga tushe.

IDAN AN HANA

Takardar hani ba ita ce ƙarshen magana ba. Kowane mai nema yana da ikon ɗaukaka ƙara, amma lokacin gajere ne, kuma akasari daga ranar da aka aiko da takardar ake ƙirga shi: kwana 14 a Teksas, 20 a Fulorida, 30 a Niyu Yok da Kalifoniya. Ana sauraren ƙarar ne gaban wani alƙali na hukuma, sau da yawa ta tarho, ba lalle sai da lauya ba, jihohi da dama kuma suna ba da tafinta kyauta ga wanda Turanci bai zauna masa ba. A zo da takardu da shaidun da suka gani da idonsu. Mafi muhimmanci, a ci gaba da amsa tambayoyin mako-mako duk tsawon shari'ar, domin in an yi nasara, makonnin da aka amsa kaɗai za a biya. In kuma ma'aikaci aka ba gaskiya, ubangida ne ya ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke tun 1971 cewa ba za a tsayar da biya don ana jiran wannan ƙara ba.

GASKIYA DAGA ƁANGARE BIYU

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jihohi suna gwada sunayen masu karɓa da rahoton sababbin ma'aikata da kamfanoni suke aikawa. Wanda ya koma aiki ya ci gaba da karɓa, za a gano shi, ya maida kuɗin, ya biya tarar da ba ta gaza kashi 15 daga cikin ɗari ba, wani lokaci har gaban kotu. Ofishin binciken kuɗi na Majalisar Tarayya ya ƙiyasta cikin 2023 cewa zambar da aka yi lokacin korona ta kai tsakanin dala biliyan 100 da 135, ciki har da wadda aka yi ta hannun ɓarayin da suke sace sunayen mutane. Abin da ya biyo baya shi ne tsananta bincike, wanda nauyinsa ya faɗa kan mai gaskiya.

Amma ita ma hukuma tana kuskure. Tsakanin 2013 da 2015 Jihar Mishigan ta bar wa kwamfuta yanke hukunci, na'urar ta zargi wajen mutum 40,000 da zamba. Da aka sake duba dubban hukuncin da ta yanke ita kaɗai, sai aka tarar kashi 93 daga cikin ɗari kuskure ne, alhali an riga an ƙwace albashin mutane, waɗansu sun tsiyace. Sai a 2022 jihar ta amince ta biya diyyar dala miliyan 20. Saboda haka ma'aikaci ya buɗe kowace wasiƙa ranar da ta iso, ya ajiye kwafen duk abin da ya aika, kada kuma ya ɗauka cewa abin da na'ura ta faɗa ba ya tashi.

Jama'a, abin da aka faɗa yana taƙaituwa a cikin 'yan kalmomi. Ma'aikaci ya adana takardun albashinsa tun yana kan aiki. Kada ya sa hannu a takardar murabus cikin fushi ko tsoro. Ranar da aka sallame shi, ya nemi hakkinsa a wannan mako. Ya faɗi gaskiya kowane mako, in an hana shi kuma ya ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika. Kuɗin ba sa mai da mutum attajiri, ba kuma don haka aka yi su ba. An yi su ne don magidanci ya riƙe ɗakinsa da mutuncinsa, ya nemi aikin da ya dace da shi ba tare da yunwa ta sa ya sayar da kansa da arha ba. Wanda ya yi gumi a kansu ba shi da abin jin kunya ranar da ya je karɓa.